Aron Suna

Duk wanda ya san kasuwar unguwarmu a garin Klaten ya san Bu Warsinah, wato Inna Warsinah, mai sayar da tempe, abincin da ake yi da waken suya. Tun tana budurwa take dafa waken suya, ta naɗe a ganyen ayaba, ta kai rumfar da ta gada wajen uwarta. Da rumfar ta aurar da 'ya'ya, da ita ta binne miji. Mace ce mai kunyar tsiya, irin wadda za ka taka mata ƙafa ta ba ka haƙuri.

Da aka sake gina kasuwar, aka ce kowa ya biya kuɗin rumfarsa kafin ƙarshen wata ko a ba wani. Ta ɗaura zanen fita ta nufi banki neman rance. Ma'aikacin ya yi murmushi ya ce, "Za mu duba, Bu." Kowa a nan ya san an hana ke nan. Ta yi godiya, har ta bar masa ƙunshin tempe.

Darmi mai barkono, maƙwabciyarta a kasuwa, ta kama baki. "Har da tukuici? Ke dai an yi sakarya! Doka ta ce in sun hana ki sai sun faɗi dalili. Koma ki tambaya, ba cizo suke ba."

Ta koma bankin. Wannan karon ma'aikacin bai yi murmushi ba. Ya ce akwai bashin babur a kan sunanta, an daɗe da daina biya, kuma duk bankin da ta je zai gani.

"Babur? Ni ko keke ban iya ba."

Kafin ta rufe baki ta tuna. Shekarun baya ƙanenta Paijan ya zo aron katin shaidarta don ya karɓi babur ɗin haya bashi, ta bi shi ta sa hannu. Aron suna ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ɗan'uwa ba ya hana ɗan'uwa. Ma'aikacin ya ce da kuskure ne tana da damar kai ƙara a gyara, amma tunda ita ta sa hannu, bashi nata ne. Ko ta biya yau, wanke suna ba aikin wata ɗaya ba ne.

Haushi ya kai ta gidan Paijan. Ba babur a ƙofa, an sayar tun lokacin da matarsa ta kwanta asibiti. Ya tarbe ta da shayi, ya rame har wuya ya fito. Ta karɓi kofin ta zauna.

"Mbakyu, yayata, kamar kin san ina nemanki," in ji shi. "Ɗan nan nawa zai shiga makaranta. Ki ƙara ara mini katin mana in karɓo rance. Duk gidan nan sunanki ne kaɗai ya rage mai tsabta."

Ta ajiye kofin a hankali. "Ba ni da sauran suna, Jan. Ka cinye shi."

Da sabon wata ya kama, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar kasuwa, cikin rana, tana kallon wata baƙuwa na jera robobi a rumfar uwarta.