Gonar tawa ce, ɗorawar ba tawa ba ce

Maigari ya dakatar da aikin sharar gonar da na saya a Garbadu.

Na ba wani ɗan kwangila aikin share ta da kewaye ta, muka yi yarjejeniya a cire duk abin da ke kan iyaka. Jiya da hantsi injin yankan itace ya ci rabin gindin wata tsohuwar ɗorawa, sai ga Inna Hajo, yayar wanda ya sayar mini da gonar, ta taho a guje ba takalmi, ta rungume icen.

"Wa yac ce ku taɓa ta?"

Na ce, "Inna, ai na sayi gonar."

Ta ce, "Gona munka saida maka, ɗana, ba ɗorawa ba. Da anka yi dam anka sake rabon gonaki, ita kaɗai tar rage cikin abin da babanmu yab bari. Da kalwarta nika daddawa."

Muka kai maganar gaban maigari. Dattawan wurin duk sun tabbatar cewa a nan ana sayar da ƙasa, ice mai 'ya'ya ya zauna hannun magada. Ɗan kwangilar, wanda baƙo ne, ya ce shi ya bi umarnina ne, ba ruwansa.

A wajenku ma haka al'adar take?

Ɗorawar dai tana tsaye da saranta. Malamin daji zai zo ya duba ko za ta rayu. Har yanzu bai iso ba.