Shirun Baba Almakashi

Baba Almakashi ya fara aski tun kafin a haifi yawancin masu zama a kujerarsa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya yi aski baki rufe. Hannu na kan mutum, baki na yawo a unguwa. Da tsufa ya zo, sai bakin ya fara barin hannun a baya.

Ranar da abin ya kai maƙura, wani direban tasi ne a kujera. Baba ya aske masa gefen dama, ya shiga labarin yadda motar shara ta ture katangar maƙwabci, ya fita don ya nuna wa jama'a daidai inda ta tsaya. Can ƙamshin girki ya tuna masa da gida, sai ya wuce abinsa. Direba na nan lulluɓe da ƙyalle, rabin kai sumul, rabi kamar ciyawa.

Da yamma babban ɗansa ya zo ya miƙa hannu. "Baba, makullin shago."

"Kai? Kai da nake ɗorawa kan katako don ka kai madubi?"

'Yarsa mai aikin jinya ce ta raba su. Ta ce akwai ajin yoga na tsofaffi a asibitinsu, miƙe jiki ne da jan numfashi, kuma ana cewa yana taimaka wa natsuwa da tunani. Ta ce bari Baba ya gwada. In ya sake manta mutum a kujera, makulli ya tafi.

Lanƙwasa ba ta dame shi ba. Shirun ne ya kusa kashe shi. Ga shi an ajiye shi a layin baya, ƙeyoyin mutane jere a gabansa.

"Ku rufe ido, ku bi numfashinku," in ji malamar ajin.

"Malam na gaba, wa ya yi maka wannan ɓarna a ƙeya? Bashin gaba ne tsakaninku?"

"Baba, numfashi!"

"Ina yi, 'yata. Da ba na yi ai da tuni kin kira 'ya'yana."

Ta mai da shi gaba, yana kallon bango. Bango ba shi da ƙeya. A hankali Baba ya koyi rufe baki, har ya gano cewa in ya yi shiru, yana iya bin tunani ɗaya har ƙarshensa.

Ya kai abin shago. Zai ja numfashi, ya kunna injin aski, ba zai ce uffan ba sai ya kakkaɓe ƙyalle. Aski ya yi kyau, amma mutane suka tsorata.

"Baba, fushi kake da ni?" direban nan ya tambaya. "Ai ni aka yi wa laifi."

Shiru.

Bencin masu jiran aski ya fara zama wayam. Wani mai gyaran rediyo a unguwar ya faɗa masa gaskiya: "Aski ko'ina ana yi, Baba. Mu labari muke zuwa ji." Ɗan kuwa ya fara cewa shagon da ba kowa, me za a yi da makullinsa?

Baba ya kai ƙara wurin malama. "Kin gyara mini kai, kin kashe mini kasuwa."

Ta yi dariya. "Numfashin ma ai shiga yake ya fita. Wa ya ce ka riƙe shi har abada?"

Bayan 'yan makonni ɗan ya biyo ba sanarwa. Ya tarar da benci maƙil da kawuna askakku, ba mai niyyar tafiya, Baba a tsakiya yana kwaikwayon motar shara, har da ƙarar birki.

"Baba, wa ka bari a kujera?"

"Duba da idonka. Yanzu sai an gama ake buɗe baki."

Kujera ba kowa. Ɗan ya mai da hannunsa aljihu.

"Tunda ka zo, zauna," in ji Baba. "Ƙeyarka abin kunya ce."

Ya lulluɓa masa ƙyalle, ya ja dogon numfashi.

"Baba, dama zancen makullin nan..."

Benci gaba ɗaya ya ce, "Shhh! Bari ya gama, motar ba ta kai katanga ba tukuna."