Gwaggo Garifaliya da Sawun Kunkuru

Kowa a ƙauyenmu, can kudu da garin Kalamata, ya san Gwaggo Garifaliya ba ta yafiya. Ƙanwar babana ce, gajeruwa, baƙin kaya bai bar jikinta ba tun rasuwar mijinta. Akwai maƙwabciyar da ta daina gaisarwa shekara ashirin saboda ta ari tukunya ta mayar mata a tsage. Ni kam ina sonta haka nan, don ba ta taɓa fara taɓa kowa ba.

Sana'arta gishiri. A ƙarshen gaɓarmu akwai duwatsu masu ramuka, goma sha huɗu nata ne, gadon ubanta. Takan ɗebi ruwan teku da bokiti ta cika su, rana ta shanye ruwan, bayan kwana goma ta koma da cokali ta kwashe gishirin, fari kal. Daga watan Yuni zuwa Satumba kaɗai ake wannan aiki. Da shi ta aurar da 'ya'yanta biyu.

Da hukuma ta killace gaɓar saboda kunkurun teku da ke fitowa yin ƙwai a rairayi, ba wanda ya ce mata uffan. Ɓarnar daga gida ta fito. Ƙanin mijinta, Likurgos, shi ke ba baƙi hayar lema da gadon shan iska a bakin ruwa. Ya nemi ta ba shi filin marigayi ya kafa shagon abinci, ta ƙi. Sai ya tafi ofishin masu kula da gaɓa ya ce tana fasa dutse da guduma tana ƙara ramuka. Ƙarya ce tsagwaronta, amma aka dakatar da ita shekara ɗaya, wai sai an bincika.

"Matar yaya, ki huta mana," in ji shi a ƙofar coci ranar Lahadi, yana washe baki. "Gwiwoyin nan sun gaji da hawan dutse."

"Na gode, autan gida," ta ce. "Ashe ka girma har ka iya kai ƙara. Lokacin da nake wanke maka wandon fitsari ban zaci za ka yi baki haka ba."

Mutane suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Dokar gaɓar ita ce, duk inda kunkuru ta binne ƙwai sai a kifa kejin waya a wurin, kuma ba a kafa lema kusa da shi. Ana gane wurin ne da sawunta, wanda ke fitowa daga ruwa kamar sawun tayar tarakta. Duk ƙauyen mun san abin da ke kai Likurgos bakin teku da manjagara gari na wayewa. Wai share rairayi yake yi, alhali sawun yake shafewa. Mun yi shiru ne saboda namu ne.

Sai Gwaggo ta fara riga shi fita. Ta ɗauki damin kara da jajayen tsummoki, ta bi sawu har inda ya ƙare, ta soke kara, ta zauna a gefe da kofin gahawarta sai jami'ar gaɓa, Evdokiya, ta iso ta rubuta. Kada a ce son kunkuru take yi. Da bakinta ta gaya mini fuskarsu ɗaya da ta uwar mijinta.

"Wai ke tsohuwar nan ba kya barci ne?" in ji Likurgos wata safiya.

"Ka hana ni aiki, na samu wani. Ɗaga manjagarar nan, kana tsaye a kan 'ya'yan mutane."

A da, gidan ƙwan kunkuru shida ko bakwai ake rubutawa a shekara. Kafin tsakiyar Yuli Gwaggo ta soke kara ashirin da takwas, lemomin Likurgos suka koma can gefe a cunkushe. A nan ne Evdokiya ta zo har gida, ina nan zaune ina tsinke wake.

"Inna, gaskiya zan gaya miki," ta ce. "Na duba ramukanki, babu alamar guduma. Baɗi za ki koma aikinki. Amma in gidajen kunkuru suka haura talatin, za a rufe gaɓar baki ɗaya daga Yuni zuwa Satumba, kowace shekara. Kuma hanyar duwatsunki ta cikin rairayin take."

Bayan ta fita na durƙusa gaban Gwaggo.

"Don Allah ki zauna a gida. Sati uku kawai. Ki bar shi ya yi shararsa, ki samu ramukan Kaka."

"Shi kuma ya ci gaba da kafa lemominsa?"

"Ya ci gaba mana. Ina ruwanki?"

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, wanda gishiri ya tsattsage. Sai ta tashi ta shige ɗaki. Washegari na leƙa bayan ƙofa, babu damin kara. Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, don na san ta fi ni sanin abin da take jefarwa. Gida talatin da huɗu aka rubuta a shekarar, aka kuwa rufe gaɓar.

Ranar da Likurgos ya zo kwashe kayansa, Gwaggo ta sa na ɗauko mata kujera na ajiye a bakin hanya. Ta sa rigarta ta zuwa coci, ta zauna tana kallo yana loda lema ɗaya bayan ɗaya a bayan mota, gumi na zuba. Da ya gama ya tsaya a gabanta.

"Hankalinki ya kwanta? Kin kashe ni, kin kashe kanki."

"Ni ai da sanina na yi, auta," ta ce. "Kai ne ba ka san da wa ka taɓa ba. A sauka lafiya."

Ta bi motar da ido har ta sha kwana. Sannan ta juya wajen duwatsun, waɗanda ke ƙyalli a rana can bayan sabuwar wayar shingen da aka ja. Murmushinta ya gushe, ta kama kafaɗata ta miƙe da ƙyar.

"Ɗauko kujerar," ta ce. "Kuma ki bi da ni ta bayan coci, kada mu bi ta wajen teku."