Kujerar Husaina a Gefen Tele

Idan ka sauka a tashar Cadawa ka ce a nuna maka gidan marigayi Safiyanu mai aya, sai an tsaya tunani. Amma ka ce gidan tele, ko ɗan kabu-kabun da ya zo garin jiya zai kai ka har ƙofa. Ba wai babu wata tele, wato talabijin, a garin ba ne. Akwai su, wasu ma sun ninka ta Husaina girma. Abin da tata ta fi su da shi shi ne bakin da ke zaune a gefenta.

Husaina matar Safiyanu ce, ta haura shekara hamsin, siririya, mai saurin magana. 'Yan biyu ne ita da Hasana. A shekarar da maigari ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya lakol, makarantar boko, babansu ya dubi 'yan matan nan biyu masu fuska ɗaya, ya ga ko ya ba da guda, guda za ta rage wa uwarsu a wajen daka. Hannunsa ya faɗa kan Husaina. Tun daga ranar, kullum ta taso sai ta tarar da Hasana a bakin zaure tana jira, kafin ta ajiye allo an tare ta da tambaya: "Yau mi mushe ya ce?" Ita kuwa sai ta zauna ta kwashe duk abin da malamin ya faɗa da Faransanci ta mayar mata da Hausa, har da yadda yake ɗaga gira. A aji shida karatun ya tsaya. Takardar shaida ba ta samu ba, amma kunne ya samu.

Sauran rayuwarta ba ta da tsawo a baki. An yi aure, an haifi ɗa guda, Ridwanu. Hasana ta yi aure a Cadakori, can ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Safiyanu ya bi bayanta. Ridwanu ya tafi nema Agadas, daga can ya ƙara gaba, kuma kafin ya tafi ya kafa wa uwarsa parabol, farantin kamo tashoshi, a kan soro da fanon rana mai ba da wuta da batir, ya ɗauki nauyin tashar nan da ake biya wata-wata, don kada shiru ya cinye ta. Yaron kirki ne. Bai dai san cewa tele ba ta amsa sallama ba.

Daga asuba zuwa la'asar, gidan Husaina ba ka jin komai sai kaji da ƙarar tsintsiya. Takan yi magana da akuya, akuyar ta kalle ta ta ci gaba da tuƙa. Takan dafa abinci ya yi yawa, domin hannunta har yau bai koyi awon mutum ɗaya ba. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Amma da an sallame la'asar, sai gida ya farka. Mata su yi ta shigowa da mayafi a kafaɗa, a baje tabarmi a rumfa, a zubo aya a faifai kowa ta ja nata tana tsince tsakuwa, don dokar gidan ke nan: ido na kallo, hannu na aiki. Husaina sai ta jawo kujerarta 'yar tsuguno ta dasa a gefen tele, kafaɗa ga gilashi, fuska ga jama'a. Mutanen fim su yi ta zuba Faransanci, ita tana kamawa tana miƙa wa mata da zafinsa.

Kada in yi mata ƙarya, ba duk abin da suke faɗa take ji ba. Inda ya kuɓuce mata, takan cike da nata, kuma nata yakan fi daɗi. Sunayensu ma ita ta raɗa musu. Attajirin da ke da gonar kofi ya zama Alhaji Mai Sanƙo, muguwar ƙanwarsa Jar Mage, yarinyar da ake zalunta kuma Marainiya. In aka zo wurin da namiji da mace suka matso kusa fiye da kima, sai ta miƙe ta tsaya gaban gilashin tana gyara zane, ta ce, "Gaisawa suke yi." Delu maƙwabciyarta, wadda bakinta bai san linzami ba, takan ce, "Wagga gaisuwa ta yi tsawo, Husaina!" Rumfa ta kwashe da dariya. A wannan sa'a guda, ido ashirin ne a kanta, kuma da wannan sa'ar take rayuwa sauran ashirin da ukun.

Ran wata Talata a ƙarshen damina, ana tsakiyar kallo, tashar ta yanke fim ta sako sanarwar shirye-shiryen da za ta fara a farkon wata mai zuwa. Kiɗa ya tashi, hotuna suka yi ta wucewa da gudu. Akwai sabon shiri na wata likita da aka tura asibitin wani tsibiri inda babu wanda yake son ta. Akwai na wasu 'yan'uwa biyu masu rigima kan otal ɗin ubansu. Aka nuna wani tsohon jandarma, ɗan sanda ke nan, da kare, wannan bai burge kowa ba. Sai can a ƙarshe, ga kashi na biyu na labarin Marainiya, kuma ga Jar Mage, wadda kowa ya gani da idonsa ta faɗa kogi, tana fitowa daga mota da baƙin tabarau.

Rumfa ta kaure. Faifan Delu ya kife, aya ta watse. Inna Asta, tsohuwar da ake ba wa wuri a gaba saboda idonta ya yi rauni, ta dafe ƙirji tana salati. Husaina tana ta fassara har numfashinta na sarƙewa.

A cikin wannan hayaniyar ne muryar mai sanarwa ta ƙara magana guda, a hankali, aka kuma nuno hoton telekomandi, abin canza tasha, da yatsa a kan maɓalli mai ruwan ɗorawa. Husaina ta ji sarai, babu kalmar da ta kuɓuce mata. Cewa aka yi daga farkon wata, dukan sababbin shirye-shiryen za su zo da muryar Hausa, mai so ya danna nan.



"Mi sunka ce nan ga ƙarshe?" in ji Delu, tana tattara aya.

Husaina ta dubi fuskokin da ke jiran bakinta. Ta ce, "Sun ce kada a bar yara su taɓa telekomandi."

"To ai gaskiyarsu," in ji Inna Asta.

Matsalar sanarwa ita ce ba sau ɗaya ake yin ta ba. Kullum sai an sako ta, wani lokacin sau biyu, har sati uku. Kullum sai yatsan nan ya sauka kan maɓallin, kullum Husaina ta maimaita ƙaryarta, har mata suka haddace suna riga ta faɗa. Unguwa kuwa ba ta da zance sai na sababbin shirye-shirye. A bakin famfo ana musu ko likitar za ta auri mai kwale-kwalen da aka nuno tare da ita. Delu ta rantse Jar Mage aljana ce. Har daga wata unguwa aka aiko tambaya ko rumfar za ta ɗauki ƙarin mutum uku. Kowa yana ƙirga kwanaki da murna, ita tana ƙirga su kamar mai jiran ranar cire haƙori.

Ta yi wa kanta hujjoji, kuma ba marasa kyau ba. Wa ya san irin Hausar da za su zo da ita? Wa zai tsaya gaban gilashi in an zo gaisuwa? Telekomandin ma a ɗaure yake a gefen zanenta, kuma duk rumfar babu mai karanta abin da ke rubuce. In ta yi shiru, ƙila a kai wata biyu ko uku kafin labari ya iso daga wani gida.

Ana saura kwana huɗu, mura ta kama ta, murya ta dushe gaba ɗaya. Mata suka zo kamar kullum, suka zauna, aka kunna tele. Mutanen fim suna ta magana, Marainiya tana kuka, babu wanda ya san dalili.  Kafin a kai rabi, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Inna Asta ce ta ƙarshe. Ta dogara sandarta ta tsaya kan Husaina ta ce, "Allah shi ba ki lahiya, ɗiyata. In ba ke, mu dai kurame muke. Abin da kinka ce muna, shi munka sani."

Addu'a ce tsohuwar ta yi mata, amma sai ta ji kamar an ɗora mata dutse. Domin ta taɓa zama kunnen wani mutum kafin yau, kuma ta san abin da ta yi da amanar.

A shekararta ta farko a lakol ne. Hasana takan sulale daga gida ta zo ta leƙa ta tagar aji. Wata rana mushe ya ɗaga kai ya ga fuskar Husaina a benci, ya kuma gan ta a taga. Ya yi dariya. Da aka tashi ya kira Husaina ya ce ta gaya wa babanta akwai wuri, 'yar'uwarta ta zo ran Litinin. Husaina ta taho gida da saƙon a baki. Ta hango Hasana a bakin zaure tana jira, ido a buɗe. Sai ta yi tunani irin na yarinya 'yar shekara bakwai: in Hasana ta shiga aji, wa zai riƙa jirana? "Yau mi mushe ya ce?" in ji Hasana. Ta ce, "Ya ce ki bar leƙe." Hasana ba ta sake zuwa tagar ba. Ta rayu, ta haihu, ta mutu ba ta iya rubuta sunanta ba, kuma har ta koma ga Allah tana alfahari da 'yar'uwarta mai jin Faransanci.

Ranar ɗaya ga wata rumfa ta cika maƙil, wasu a tsaye, wasu a kan turmi. Muryar Husaina ta dawo. Ta dasa kujerarta inda ta saba. Kiɗan fara shiri ya tashi, aka nuno Jar Mage tana cire tabarau, duk ido ya koma kan Husaina. Ta kwance bakin zane, ta ciro telekomandi.  Ta danna.

Jar Mage ta buɗe baki ta ce, "Kun ɗauka na mutu ko?"

Da Hausa, tsaf, kamar 'yar kasuwar Gazawa.

Ihu ya tashi. Delu ta miƙe tsaye tana tafa hannu. Inna Asta tana cewa, "Ta musulunta! Wallahi ta musulunta!" Wasu suka rungume juna. Husaina ta zauna tana jiran a tambaye ta. Ta shirya amsar tun safe: na sani tun sati uku, na ɓoye muku, ku yafe mini. Ta so a yi mata faɗa ma, don mai yi maka faɗa yana kallonka.

Babu wanda ya tambaya. Ido ashirin da wani abu sun wuce ta gefen kunnenta sun manne a gilashi. Leɓunanta suna motsi da kansu, suna neman abin da za su miƙa, babu. Can sai Delu, ba tare da ta dube ta ba, ta kaɗa hannu ta ce, "Husaina, ɗan gusa kaɗan, kin tare muna."

Ta ɗauki kujerarta ta koma baya, kusa da randa.

Ba mugunta suka yi mata ba, kuma ita ma ta san haka. Da aka tashi sun yi godiya, sun tsince ayar tas. Amma tashar nan akwai ta a gidan Delu, wajen mijinta, akwai ta a wasu gidaje huɗu, kuma tunda tele ta iya Hausa, me zai sa mace ta bar tukunya a wuta ta tsallaka unguwa? Sati na farko aka ragu da rabi. Kafin a gama kwasar aya a gonaki, sai Inna Asta kaɗai, ita ma da ƙafarta ta matsa mata sai ta koma gidan da ya fi kusa. Ridwanu ya kira a salula yana murna, ya ce ya ji yanzu har Hausa ake yi, Inna ta huta da wahala. Ta ce ƙwarai, Allah ya yi albarka.

Tashar tana maimaita shirin jiya da hantsi, lokacin da kowa yake kan aikinsa. A wannan lokacin Husaina takan shimfiɗa tabarma guda a rumfa. Takan danna maɓallin nan mai ruwan ɗorawa, Faransanci ya dawo. Sai ta jawo kujera gefen tele, kafaɗa ga gilashi, fuska ga tabarmar, ta fara: likita ta ce kaza, mai kwale-kwale ya ce kaza. Akuya takan leƙo ta koma.

Ran nan tana cikin yi sai ta tsaya. Mutanen fim suka ci gaba da maganarsu, ba ta bi su ba. Ta dubi tabarmar. Sannan ta ce, da muryar da ba ta kai bakin zaure ba:

"Hasana, ba haka mushe ya ce ba. Cewa ya yi akwai wuri. Ya ce ki zo ran Litinin."