Inna da Takardun Filo

Shekarar da zan rubuta bak, jarrabawar gama sakandare, a makarantar lise ta Matameye, malaminmu na filo, wato falsafa, ya raba mana fotokopin wani littafin Faransanci. Wani limamin Kirista na zamanin da ne ya rubuta shi, yana jero hujjoji cewa akwai Allah. Ni dai maki nake nema, don haka na watsar da takardun a tabarma, har na ɗora kofin shayi a kai.

Inna, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta zo shara ta tsaya.

"Akwai sunan Allah a ciki?"

"A kowane shafi," na ce, har da taƙama.

Ranar na sha faɗa. Ta kakkaɓe takardun, ta naɗe a sabon ɗankwali, ta rataye a ƙusa sama da kan kowa. Daga nan, duk sanda zan yi bita sai ta tambaye ni ko ina da alwala. Abokaina suna karatu a kishingiɗe, ni kuwa a tanƙwashe.

Da abin ya ishe ni, na fito da hujjar da na tabbata za ta cece ni.

"Inna, Kirista fa ya rubuta."

Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar wake ba. "To, shi wani ne ya halicce shi?"

Yau ni ke koyar da filo, ina ba ɗalibai awa huɗu su warware tambaya ɗaya. Inna ta warware tata tana tsintar wake, amma ni aka ba takardar shaida.