Motar da ke durƙusa wa Baba

Ba don gayu na sayi motar nan ba, ko da yake rabin Zongo haka suka ɗauka. Tsohuwar kat-kat ce, irin mai tafiya a kan balan-balan na iska maimakon sifirin. Kusa da giya akwai wani maɓalli, in ka danna shi sai ta yi huci ta sauko har matakinta ya kusa taɓa yashi. Maɓallin nan na saya, sauran motar gyara aka yi mini.

Baba ne dalili. Tuƙin manyan motoci zuwa arewa ya cinye masa gwiwoyi. Yana jan ƙafa da sanda, amma ɗaga ta sama ya gagara. Ƙaramar mota ba ta ratsa layinmu da damina, kuma in ya nutse a kujerarta ba ya iya tashi. Zemijan kuwa, wato ɗan acaɓa, ba a ma maganarsa. Ga shi mutum mai kafiya, ni ma a wurinsa na gada. Ya sha faɗa mana cewa ranar da hannun mutane zai ɗaga shi, to a makara ne. Saboda haka duk Juma'a nakan rufe rumfar atamfata a kasuwar Dantokpa da wuri, in zo in durƙusar masa da mota, ya juya ya zauna da kansa, in ɗaga ta mu nufi masallaci.

Da damina ta yi nisa sai motar ta fara wayar gari a karkace, bayanta na hagu a ƙasa. In na tayar da ita, famfon iskar ya yi ta gurnani kafin ta miƙe. Ranar wata Juma'a, Baba yana zaune a ciki da farar rigarsa, famfon ya yi gurnaninsa ya yi shiru. Motar ta kwanta a kan cikinta, ga ruwa ya cika layi.

Yayana ya zo da akori-kurarsa, doguwa kamar rumbu. Ya ce, "Baba, ni da maƙwabci za mu ɗora ka, yanzun nan."

Baba bai ko dube shi ba. Ya sauko, ya ja sandarsa ya koma ɗaki, ya yi azahar shi kaɗai yana jin huɗuba daga lasifika. Ranar bai taɓa abinci ba. Na ji zafin abin nan har cikin ƙashina.

Yayana ya ce in daina wahalar da kaina, in cire iskar in sa sifirin kamar kowa. Na yi masa kunnen uwar shegu, na sa aka ja motar zuwa garejin wani dattijon bakanike a Akpakpa. Ashe bakinsu ɗaya.

Ya ce, "Hajiya, iska ba ta zama a garin nan. Ga gishirin teku, ga yashi, ga ruwa. Kowa rasor, wato sifirin, yake sawa ya huta."

Na ce, "In ka sa rasor ɗin, za ta sauko ƙasa?"

"A'a. Inda ta tsaya, nan ta tsaya."

"To ni ba hutu na zo nema ba, Malam. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ya iya aikin sarai, gajiya da shi kawai ya yi. Na bar wa maƙwabciyata rumfa, na jawo benci na zauna a gabansa, na ce ba inda za ni. Da ya ga zaman na gaske ne, ya yi tsaki ya tashi. Ya cika balan-balan ɗin da iskar gareji, ya zare fis don kada motar ta daidaita kanta ta ɓoye laifinta. Na ciro igiyar awon yadi daga jakata, muka auna tsayin kowace kusurwa, ya sa alama da alli. Washegari kusurwa uku suna nan inda muka bar su, ta bayan hagu ta faɗi.

Ya kaɗa ruwan sabulu ya bi tiyo yana fesawa, babu komai. Ya fesa a jikin balan-balan ɗin, babu komai. Ya dube ni irin kallon na faɗa miki. Na ce ni dai na ga ta faɗi da idona, ba aljani ne ya sha iskar ba. Sai ya sauke motar a hankali zuwa tsayin da nake saukar wa Baba, ya sake fesawa. A daidai inda robar ke naɗewa, kumfa ta fara tasowa kamar ana dama omo. Yashi ne ya shiga lanƙwasar ya cinye ta, tsagar kuma ba ta buɗewa sai motar ta durƙusa.

Ya ce, "Kin gani? Saukar da kike yi da ita ce ke cin robar."

Na ce, "Ai don saukar aka yi ta. A sa sabuwa."

Ya ce dole a canza na bayan duka biyu, kada sabo ya bar tsoho da wahala, na yarda. Amma famfon ma ya galabaita, don ya daɗe yana ɗura iska a abin da ke yoyo. Da ya buɗe gwangwanin da ke busar da iska a jikinsa, ƙwayoyin ciki sun jiƙe sharkaf, sun cure kamar gishirin damina. Ya zuba sababbi, ya canza zoben famfon, ya wanke ƙananan sandunan da ke gaya wa motar tsayinta. Muka sake sa alli muka bar ta ta kwana. Da safe igiyar awona ta ce babu kusurwar da ta motsa.

Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar gida na danna maɓalli. Motar ta yi huci ta sauko. Baba ya fito da sandarsa, yayana yana biye da shi, hannuwa a buɗe kamar mai taren ɗan kaza. Baba ya tsaya ya waiga.

Ya ce, "Mayar da hannunka aljihu. Ranarsa tana zuwa."

Ya juya, ya zauna, ya jawo ƙafafunsa ciki ɗaya bayan ɗaya, ya rufe ƙofa da kansa. Na yi ta haɗiye kuka har muka fita layi, don na san in ya gani zai ce in tsaya ya sauka.

Haka muka ci gaba har Allah ya karɓi abinsa. Ranar ina tsaye a bakin zaure aka fito da shi, yayana ne riƙe da gaban makara. Ba wanda ya taɓa ɗaga shi kafin wannan rana, kuma ina alfahari da hakan.

Bayan sadakar arba'in yayana ya sake kawo maganar sifirin, wai yanzu ai ba sauran dalili. Yana faɗa yana dafa bango zai tashi daga tabarma, gwiwarsa ta yi ƙas. Na ce masa ya bar motar yadda take, zai gode mini.