Hannun Alhaji Bukar a Hanyar Mirriya

Cikin duk ranakun da na yi ina koyar da tuƙi a Damagaram, wadda ba ta taɓa fita raina ba wata Lahadi ce ta damina, ranar kasuwar Mirriya, ana saura kaɗan in ajiye aiki. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya, ku da kuka shigo sana'ar nan a bayana, to shi zan ba ku.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ni monita ne, malamin tuƙi, a oto-ekol, wato makarantar koyon mota. Ɗalibi yakan fara da kod, ya koyi alamun hanya da dokokinta a cikin aji. In ya ci wannan sai mu fita da shi kan kwalta a motar makaranta, wadda ke da birki biyu, ɗaya a ƙafarsa ɗaya a tawa. Daga nan enspekta ya zo ya gwada shi, in ya gamsu a ba shi parmi, wato lasisin tuƙi.

Wata safiya darektanmu ya kira ni ya ce, "Malam Sani, kai ne mai sanyin rai a cikinsu. Ga uwa na ba ka."

Sunanta Hajiya Falmata, daga unguwar Zango, dattijuwa mai jikoki. A bayanta akwai wani dogon tsoho da sanda, ya dafa kafaɗarta. Mijinta ne, Alhaji Bukar, tsohon direban manyan motoci wanda ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Damagaram da Agadas da Kano, har ciwon suga ya cinye masa ido. Ɗansu Mamman yana aiki a Yamai, 'yarsu Zara tana aure a Mirriya. Duk ranar zuwa likita sai sun jira maƙwabci ko su tsai da kabu-kabu, har wata rana Alhaji ya faɗo daga bayan babur ya kurje gwiwa.

"Tun ina amarya yake kai ni inda nake so," in ji Hajiya. "Yanzu ni ya kamata in kai shi."

Darekta ya yarda Alhaji ya riƙa zama a kujerar baya lokacin darasi. Na ɗauka zai dame mu da gyara, irin na tsofaffin direbobi, amma ko sau ɗaya bai yi ba. In ta ɗaga ƙafa da sauri mota ta yi tsalle ta mutu, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Jakar nan yau ta ci dawa." Sai ta yi dariya ta sake tayarwa. Da enspekta ya zo gwaji, karon farko ta faɗi wajen ajiye mota tsakanin sanduna, karo na biyu ta ci.

Don murna Mamman ya aiko musu da sabuwar mota, irin wadda ke canza giya da kanta. A makon ne kuma Zara ta haihu. Hajiya ta zo ta roƙe ni in raka su Mirriya, don ba ta taɓa fita wajen gari da mota ba. Wannan ba aikin makaranta ba ne, saboda haka na nemi izinin darekta. Ya ce, "Je ka, amma ka tuna wannan ba ta da birkinka."

Da na isa ƙofar gidansu, na tarar Alhaji ya riga ya zauna a gaba. "Yau kai ne fasinja, ɗana," ya ce. Ban iya ce masa ya sauka ba, na shiga baya.

Kafin a tashi ya miƙa hannu yana shafa gaban motar, yadda mai sayen rago ke shafa bayansa. Yatsunsa suka bi wani faffaɗan gilashi sumul, suka je suka dawo.

"Ina maɓallin iska?"

"Yana cikin gilashin nan, Baba. Taɓawa ake yi."

"Rediyo fa?"

"Shi ma."

Ya sake shafa gilashin. Can ya ce, "To wannan ta masu ido ce. Amma ko mai idon, in yana duban nan, wa ke duba masa hanya?"

Ya ci gaba da lalube har ya ci karo da maɓalli ɗaya da ya rage a ƙasan gilashin, mai ɗan tudu. Na detires ne, wanda in an danna, fitilun sigina huɗu su riƙa ƙiftawa gaba ɗaya. Ya danna, ya saurari tik-tak ɗinsa, ya kashe. "Kai dai na san ka," ya ce da shi.

Lafiya lau muka isa. Aka sa wa Alhaji jariri a cinya, ya shafa kansa da kunnuwansa, ya ce goshin na kakarsa ne. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, muka yi sallama da sauri. Ba mu yi nisa da Mirriya ba ruwa ya cim mana, irin mai zuwa da iska, ga hanya cike da masu komawa daga kasuwa.

Wata mota ta wuce mu, ta kunna detires tana ta gudu. Hajiya ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami a nan, ta ce, "Mushe, in kunna ni ma?"

Na ce a'a, ta kunna fitilu ta rage gudu kawai. Abin da nake faɗa a aji ke nan kullum. Detires na wanda ya tsaya ne, ko wanda hatsari ya tsai da shi ba shiri. In ka kunna shi kana tafiya, siginarka ba ta ƙara nuna inda za ka juya, na bayanka kuma ba ya gane mai tafiya da wanda ya tsaya.

Alhaji ya ce, "In kowa na kuka a gida, ba a gane wanda kunama ta harba."

Sai gilashin gaba ya fara rufewa da tururin numfashinmu. Hajiya ta kai hannu tana neman inda ake tura iska ta share shi. Ta taɓa nan taswira ta fito, ta taɓa can waƙa ta tashi. Na ga idonta ya bar hanya.

"Hajiya, bar shi! Duba gabanki!"

Tana ɗaga kai sai ga amalanken shanu a tsakiyar hannunmu, tayarsa ɗaya ta karye, buhuna sun zube, wani mutum da matarsa suna ta jan bijimin da ya durƙusa. Ta yi salati ta taka birki iya ƙarfinta. Ni ma na ji ƙafata tana dukan ƙasan mota, tana neman birkin da babu. Muka tsaya dab da buhun farko.

Amma akwai bas ɗin 'yan kasuwa da ke biye da mu, cike har rufi, kuma ruwan ya yi kaurin da ko itatuwan gefen hanya ba a gani. Na buɗe baki in ce detires. Hannuwan Hajiya sun ƙage a kan sitiyari, ni kuma bel ɗin kujera ya riƙe ni a baya. Ban gama kalmar ba na ji tik-tak, tik-tak. Hannun Alhaji ya riga ya isa wurin, bai ko yi lalube ba. Daga baya ya ce tun fitowarmu gari yake jin kukan injin bas ɗin a bayanmu, shi ya sa da ya ji birki bai jira kowa ba.

Tayoyi suka yi ƙara a bayanmu. Bas ɗin ya sulale, ya kauce, ya sauka gefen hanya, ya tsaya daura da mu, mata na ta salati a ciki. Direbansa ya fito cikin ruwa ya leƙo ta taga yana haki. "Wallahi na ɗauka tafiya kuke. Sai da na ga wuta ta fara ƙiftawa kwatsam na san an tsaya." Da ya ga farin gemu da dattijuwa a ciki sai ya rusuna ya ce, "Sannu Inna, sannu Baba."

Na ajiye jar alama mai kusurwa uku can baya, muka haɗu da fasinjojin bas muka ta da bijimin, muka jawo amalanken da buhunan gefe. Da na dawo a jiƙe, na tarar Hajiya ta kifa kai a sitiyari tana kuka.

"Na kusa kashe ka, Alhaji. Na fito da kai daga gida in kashe ka a hanya."

Ya nemi hannunta ya ɗora nasa a kai. Irin su ba sa haka a gaban mutane, sai na juya ina duban ruwa.

"Falmata," ya ce, "wa ya ga amalanken? Ni? Ke kika gani, ke kika tsaya. Ni abin da na yi aikin karen mota ne. Da shi na fara ina saurayi, ga shi Allah ya maido ni, ya kuma ba ni uwargida mai kirki."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. Na ce ta kawo in ƙarasa da mu gida, har ta kama ƙofa za ta fita. Alhaji ya ce, "Ɗana, in ka karɓa yau, ba za ta sake riƙewa ba." Na san gaskiya ya faɗa, don na ga ɗalibai da yawa da tsoron rana ɗaya ya raba da mota har abada. Muka jira ruwa ya tsagaita, na gyara mata iskar muna tsaye, ta goge ido da mayafinta. Ita ta kai mu Zango, a hankali, kafin a kira magariba.

Bayan 'yan makonni na gan su a ƙofar makaranta cikin wata mota daban, tsohuwar yayi, gabanta cike da maɓallai da abubuwan murɗawa. Na tambayi ina sabuwar.

"Na sa Mamman ya musanya ta," in ji Hajiya. "Ya ji haushi da farko. Na ce masa ni ba ni da ido huɗu, babanka kuma ba ya son zaman banza."

Alhaji ya murɗa wani abu iska ta taso, ya danna wani rediyo ya kama, fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla. "Hanya tata, nan kuma nawa," ya ce.

Tun daga lokacin har na ajiye aiki, ba na barin ɗalibi ya motsa mota sai ya rufe ido muna tsaye ya nemo mini detires da sigina da abin share gilashi da hannu. In motarsa mai gilashin taɓawa ce, ya gyara komai kafin ya tashi, ko ya tsaya gefe. Wannan darasin na sana'a ne, kuma kowa a cikinku zai iya koyar da shi.

Ɗayan kuma sai da na tsufa na gane shi. Mu muna ganin mutum ɗaya ne ke zuwa neman parmi, alhali galibi akwai wani a gida da ake yi domin shi. In kuka ga mai furfura ta shigo, ta kashe muku mota sau nawa ne, kada ku yi tsaki. Ku tambaye ta wa take son kaiwa.